Sunan da Na Danna da Yatsa

Akwai suna guda da ban taɓa faɗa da bakina ba, kuma mutum biyu ne suke amsa shi a gidanmu na Tudun Wada: uwar mijina, da 'yata ta fari da aka sa wa sunanta. Ko ɗaya daga ciki ya isa ya ɗaure mini harshe. Ba a kiran sunan suruka, ba a kiran na 'yar fari, ni kuma sai aka haɗa mini su wuri ɗaya. Uwar mijin nawa Inna muke ce mata. Yarinyar kuwa, in ina nemanta sai in ce "ke", ko in ce wa ƙanenta, "Kira mini waccan." Tun da aka yaye ta take ɗakin Inna, can take kwana, can take cin tuwo. Inna tana kiranta takwara. Ni kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kunyar ɗan fari rashin kula ce. Ni dai idona bai taɓa sauka daga kanta ba, ta gefe kawai nake kallo. In ta yi tari a ɗakin Inna, ni nake fara ji. Na san ranar da ta ci abinci don tana so, da ranar da ta tura shi don kada a yi mata faɗa. Sai dai ba ni da bakin magana a kanta. In an ce ta yi kaza, nawa shiru. In an ce kada ta yi, nan ma shiru.

A shekarun ƙarshe na mulkin soja, tana ajin ƙarshe na firamare, aka kawo wani abu cibiyar mata da ke gefen asibitin garinmu, inda ake koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu. A rediyo na'ura mai ƙwaƙwalwa suke ce mata. Yara kuma suka ce kwamfuta. Guda ɗaya ce tal. Malamar da aka damƙa wa ita budurwa ce haifaffiyar Riruwai, iyayenta haƙar kuza ta kawo su daga nesa, Hausa a bakinta kamar tamu. Ita ta bi makarantu ta ce 'yan mata take so, masu sha'awa su riƙa zuwa ranar da babu makaranta. Da aka tambaye ta me ya sa ban da maza, wai cewa ta yi su ko ba a kira su ba za su sami hanyarsu. Inna ta yarda yarinyar ta je, don ta ɗauka wani sabon keken ɗinki ne.

Ni labarin na'urar daga madafi nake jin sa. Bayan la'asar yarinyar takan zauna gaban Inna suna tsince wake, tana ba ta labari, ni kuma in rage hura wuta don in ji. Wai sai an cire takalmi a ƙofa. Wai ba ta son zafi, fanka a kanta take ko da mutane suna gumi. In an gama sai a lulluɓe ta da zane. Tana da ɓera mai doguwar wutsiya, da shi ake nuna mata abin da ake so. Kuma ba a kashe ta haka kawai, sai an bi a hankali kamar ana yi mata sallama, in ba haka ba ta yi fushi ta manta abin da aka gaya mata. Ina juya tuwo ina ƙoƙarin haɗa siffar wannan halitta a raina, mai jin zafi, mai fushi, mai kiwon ɓera, amma ta ƙi haɗuwa.

Ana cikin damina sai yarinyar ta tashi da jajayen idanu, suna ruwa, da safe sai an sa ruwan ɗumi kafin su buɗe. Inna ta riƙe haɓarta ta juya fuskar wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Takwara, wannan abin naku, kallonsa kuke yi ko shi yake kallonku?"

"Mu muke kallo, Inna."

"To ƙwaƙwalwar da aka ce yana da ita, ta wa aka sa masa?"

Yarinyar ta ce ba ta sani ba. Inna ta ce ita ta sani. Abin da aka ƙera da ƙarfe ba ya zuwa da ƙwaƙwalwa, sai dai ya tara ta mutane, kuma ga ƙofar da yake bi nan ta yi ja. Daga ranar ta ce an gama zuwa. Da maigidan ya dawo daga lodin masara a Doguwa, na kai masa ruwa na tsaya jim, ko zai ce wani abu. Shi ma 'yar farinsa ce, kuma uwarsa ce ta yanke. Ya sha ruwansa ya ce, "Abin da Inna ta ce ai shi ke nan."

Gaskiya tsorona ya fi na Inna. Ni ce mai tashi in taɓa cikin jariri in ji ko yana numfashi. Da na ji maganar ƙwaƙwalwar nan, sai na fara gwada yarinyar a ɓoye. In aike ta ta hannun ƙanenta da saƙo mai rassa, gishiri da daddawa da kanwa da allurar ɗinki, in ga ko za ta manta wani. Ba ta manta ba. Abin da na lura da shi daban ne. In ta zauna ita kaɗai, sai ta kife tire a cinyarta ta riƙa buga bayansa da yatsunta duka, a hankali, leɓenta yana motsi. Ba kiɗa ba ne, don babu daɗin ji. In ta yi kuskure, ni ban san a me ba, sai ta kai ɗan yatsanta can gefen dama ta danna, ta sake. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Tiren nan kawai.

Ni aji uku na tsaya. Babanmu ya koma noma Badafi, makaranta ta yi nisa, maganar ta mutu a nan. Amma haruffan ba su gudu duka ba, ina iya haɗa na jikin gwangwanin madara da na bayan mota. Na san yadda abu yake tsaya wa mutum a rai in an cire shi daga kai bai ƙoshi ba. Ina son in ga abin nan da idona, in san ko mai cin yara ne ko ba shi ba ne. Hanyar zuwa ce babu.

Sai ranar awon jaririyata ta zo. Inna da kanta ta ce, "Tafi da takwara ta riƙe miki lema, a duba mata idon nan." A asibiti ma'aikaciyar ta ɗaga fatar idon ta ce afolo ne, ya cika gari, ta ba da magani na ɗigawa. Na so in tambaye ta ko na'ura tana kawo afolo, na ji nauyi. Muna fitowa sai ga ƙarar janareto daga cibiyar mata. Yarinyar ta rage tafiya, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Akwai ɗan hadari ta gabas, wanda ko kaza ba zai kora ɗaki ba. Na dubi sama na ce, ba da kowa ba, "Hadarin nan ba zai bari a kai gida ba."

Kafin in sauke kaina ta kai ƙofar.

Na tsaya ta taga da goyona. Takalma a tare a bakin ƙofa kamar gidan suna. 'Yan mata a kan benci sun yi layi, kowa tana jiran a zo kanta, wasu da kwali a cinya an zana musu gidaje-gidaje suna dannawa. A nan na gane tiren. Can gaba kuma ga na'urar, a kan tebur. Na yi zaton zan ga abu mai girma. Ashe kamar talabijin ce mai ƙaton ƙeya, fuskarta shuɗiya, babu mutane a ciki, babu waƙa. Wani ɗan tsinke fari ne kawai a sama yana ƙiftawa, ya ɓace ya dawo, kamar mai jiran a ba shi amsa.

Malamar ta hango ni. "Sannu da zuwa, Maman yara. Shigo mana, ba ta cizo."

Na cire takalmi na shiga, muka gaisa, ta yi wa jaririyar wasa. Sai ta dubi bencin ta ce, "Wace ce taki a cikinsu?"

Na sunkuyar da kai.

"Ya sunanta? In kira miki ita."

Bencin nan ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Wata mai baki a cikinsu ta ce, "Malama, 'yar fari ce fa. Kuma sunan kakarta ne. Ko kin kwana kina tambaya ba za ta faɗa ba."

Malamar ta dafe baki. "Ki yi haƙuri, na sha'afa. Mu a gidanmu uwata har da na tsakiya take haɗawa in za ta rangaɗa mini kira." Ta dube ni, sai na ga idonta ya yi wani haske na tsokana. Ta jawo kujera. "To zauna. Ai nan ba a magana. Ba sai kin faɗa ba, dannawa kawai za ki yi."

Na tsaya ina juya maganar. Uwata ta hore ni kada in faɗa. Ta hore ni kada in amsa in an faɗa a gabana, kada in ɗauke ta a gaban mutane. Amma ban tuna ta ce komai a kan dannawa ba, don ba ta taɓa ganin abin da ake dannawa ba sai ƙurji. Ban san wanda zan tambaya ba, ga kujera an riga an jawo. Na gyara goyo na zauna a bakin-bakinta.

Haruffan ne suka fara ruɗa ni. Na san su, amma ba a jere suke yadda aka koya mana ba, kamar an zubar da su daga ƙwarya kowa ya zauna inda ya faɗa. Ina neman na farko na rasa. Sai na ji hannu ya kama yatsana. Ita ce. Rabon da hannunta ya riƙe nawa haka tun tana tatata. Tafin da ɗumi, yatsun sun yi tsawo ban sani ba. Ta kai yatsana kan harafin ta ce, "A hankali, Yaya. In kin daɗe a kai zai yi ta haihuwa." Na danna. Harafin ya fito a shuɗin nan, tsinken ya matsa gefe ya ba shi wuri.

Muka yi na biyu. A na gaba sai ta tsaya. Sunan yana da harafi mai ƙugiya a ciki, irin wanda ake fara rubuta ƙasa da shi. Na duba sama da ƙasa ban gan shi ba. Malamar ta ce waɗanda suka ƙera na'urar ba su da shi a bakinsu, don haka ba su yi masa gida ba. Sai dai a sa wanda ake fara rubuta kaza da shi, in an buga a takarda a yi masa ƙugiyar da biro. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Na ce a zuciyata, ashe ma ba shi ne cikakke zan rubuta ba.

Da muka gama, ga shi nan a tsaye. Ban taɓa ganinsa a zaune wuri ɗaya ba. Kullum wucewa yake ta kunnena daga bakin wasu, ni kuma in kau da kai. Yau ga shi ya tsaya yana kallona, kuma ni na ajiye shi. Na duba ko zan ji wani abu yana fita ta idona, ban ji ba, sai iskar fanka. Sai 'yan bencin nan suka haɗa baki suka karanta shi da ƙarfi kamar a aji. Na ja gyale na rufe fuska. Malamar tana dariya ta danna wani abu ta ce, "Na adana miki. Ko an kashe wuta yana nan ciki."

Muka kama hanyar gida. Ruwan ma bai zo ba. Na yi niyyar abin ya tsaya tsakaninmu, amma ta yaya zan ce mata ta yi shiru, ni da ba na doguwar magana da ita? Muna shiga, Inna tana kan tabarma tana jan carbi, yarinyar ko lemar ba ta ajiye ba ta ce, "Inna, yau Yaya ta rubuta sunanmu a kwamfuta."

Carbin ya tsaya.

"Sunan wa?"

"Namu, ni da ke."

"Yanzu yana ina?"

"Yana ciki. Malama ta adana."

Inna ta ajiye carbin. Sannan ta ba mu labarin wani mutumin ƙauyensu da aka yi wa kiranye, aka kira sunansa a cikin tulu, ya tashi tsakar rana ya bar garmarsa a gona ya miƙe, sai a dajin Falgore makiyaya suka tsince shi. "Wancan tulu ne na ƙasa," in ji ta. "Wannan kuwa mai ƙwaƙwalwa." Ta juyo kaina. "Ke kuma da hankalinki?"

Na durƙusa. "Inna, ban faɗa ba."

"Me kika yi?"

"Dannawa na yi."

Na ga gefen bakinta ya motsa, ta danne. Ita ma, ina jin, ba ta san hukuncin dannawa ba. Ta ce, "Ranar da za su sake buɗewa, ku kai ni. Ba zan bar sunana ya kwana a hannun baƙo ba."

Ranar muka tafi mu uku da goyo. A ƙofa Inna ta dubi tarin takalman ta ce, "Masallaci ne?" amma ta cire nata. Malamar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, abin ya yi wa Inna daɗi, ta tambaye ta mutanen gida da hanyar Riruwai. Sannan ta je gaban na'urar ta tsaya, ta zuba wa shuɗin nan ido ba ƙiftawa, kamar yadda take yi wa mai awon da take zargi da danne mudu.

"Nan ƙwaƙwalwar take?"

"A'a, Inna, wannan fuska ce kawai. Ga ta nan." Malamar ta nuna wani akwati a ƙarƙashin tebur, wanda ko kallo ba mu yi masa ba.

Inna ta leƙa. "Wato duk hararar nan a banza na yi ta." Ta miƙe ta ce, "Takwara, zauna. Fito mini da shi."

Yarinyar ta zauna, ta kama ɓeran, ta yi 'yan danne-danne, sunan ya fito. Inna ba ta karatun boko, sai na allo. Ta ce a nuna mata daga ina ya fara, aka ce daga hagu, ta ce dama ta san komai nasu a juye yake. Yarinyar ta gaya mata maganar ƙugiyar.

"Wato da kaf ya rubuta ni, ba da ƙaf ba? Mai ƙwaƙwalwar ke nan?" Ta yi tsaki. "To goge."

Yarinyar ta kai ɗan yatsanta can gefen dama, wurin nan da na sani a bayan tire. Tsinken ya riƙa komawa baya yana haɗiye haruffan ɗaya bayan ɗaya, har shuɗin ya zama wayam.

"Ya fita?"

"Ya fita daga fuskar, Inna," in ji malamar. "Amma wanda na adana yana cikin akwatin. Shi ma ana cire shi, sai dai ba mu kai nan a karatu ba tukuna. Bari in cire miki yanzu."

Ta miƙa hannu, Inna ta riƙe shi.

"Tsaya, 'yata. Wa yake iya sa suna a cikin abin nan?"

"Duk wanda ya zauna a gabansa."

"Wa yake iya cirewa?"

"Wanda ya koya."

"A gidana wa ya koya?"

Fanka tana ta juyawa. Ni ina bayan Inna da goyona. Maganar tana bakina, kuma ba ni da ikon faɗinta.

"Ke baƙuwa ce," Inna ta ce wa malamar. "Gobe a ɗauke ki a kai wani gari, wani ya zo ya sa ni a akwati, wa zan kama? Bar shi a ciki. Mai sunan ce za ta cire shi da hannunta." Ta dungure wa yarinyar kai. "Ke kuma ki buɗe kunne. Ba wasan ɓera na aiko ki ba."

Sharaɗi ɗaya ta sa: ba za ta fita zuwa cibiyar ba sai an rambaɗa mata kwalli, don ko abin yana jan wani abu ta ido ya tarar da ƙofa a tsare. Haka ta riƙa zuwa, ido baƙi ƙirin, har ƙawayenta suka ɗauka, bencin nan duka ya koma na masu kwalli. Bayan 'yan kwanaki jaririyata ta tashi da jan ido. Na ce afolon gari ne, sai kuma na tuna a bayana take ranar da na zauna gaban na'urar. Na kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa. Inna ta sa mata kwalli ita ma.

Kafin a cire amfanin gona yarinyar ta dawo wata rana ta ce, "Inna, na cire shi. Har daga akwatin."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Madalla. Wa ya ce miki wani ba zai sake sawa ba? Ki ci gaba da zuwa."

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Yarinyar yanzu ita take koya wa wasu 'yan matan, har da matan aure, kuma ta ce da yawansu da sunan wani suke farawa, ba nasu ba. Da ta saya mini waya, ta ce in sa lambarta da kaina. Na sa, na danna sunan harafi bayan harafi, ba wanda ya riƙe mini yatsa. Ta leƙo ta ce, "Yaya, ai yanzu an yi masa gida. Ki danne na kazan ki ɗan daɗe, mai ƙugiyar zai fito."

Na ce na ji. Yana nan yadda na sa shi, babu ƙugiya.